Babi na Bakwai: Paul Nordoff, Gwanin da Ya Koma Amshi

A shekarar 1959 wani farfesan kiɗa a Kwalejin Bard da ke jihar New York ya ajiye aikinsa, ya tattara nasa ya nasa ya nufi wani ƙauye a tsakiyar Ingila. Shekarunsa 50 a duniya, ga iyali, ga albashi, ga suna daidai gwargwado a tsakanin masu tsara kiɗa na Amurka. Aikin da ya tafi yi kuwa, idan aka faɗa wa abokan aikinsa, sai sun sake tambaya: zai zauna gaban fiyano a wani ɗaki, a shigo masa da yaro guda wanda ba ya magana, ko ba ya iya tsayuwa, ko ba ya yarda kowa ya taɓa shi, shi kuma ya kaɗa. Babu 'yan kallo, babu tafi, babu takardar kiɗa a gabansa. Sunan mutumin Paul Nordoff, kuma a wannan aiki ya ƙare sauran shekaru 17 da 'yan watanni da suka rage masa.

Masu ba da labarinsa sun fi son su raba rayuwarsa gida biyu, su ce ga makaɗi a farko, ga mai jinya a ƙarshe, kamar ya tuba daga wani abu ne ya koma wani. Ni dai ban ga wannan rabuwa ba. Duk abin da ya yi wa yaran nan, da kayan aikin da ya tara a shekaru 30 na farko ya yi shi, kuma da a ce bai tara su ba, da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta kai shi ko bakin ƙofa ba.

An haife shi a Filadelfiya ranar 4 ga Yuni, 1909. Tun yana ɗan saurayi ya shiga makarantar koyon kiɗa ta birnin, ya zauna a hannun Olga Samaroff. Ita wannan mata labarinta ya isa babi guda. 'Yar Texas ce, sunanta na yanka Lucy Hickenlooper, amma a zamaninta Amurkawa ba su cika sayen tikitin sauraron makaɗin fiyano ba sai sun ji ƙanshin Turai a sunansa, sai ta ari sunan Rashawa ta yafa. Ta yi tashe ƙwarai, ta auri Leopold Stokowski, jagoran babbar ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, daga baya ta faɗi ta ji ciwo a kafaɗa, wasa a dandali ya gagare ta, ta koma koyarwa. Daga ajinta William Kapell da Rosalyn Tureck suka fito, waɗanda har yau ake jin faya-fayansu. Nordoff ya wuce Makarantar Juilliard a New York, ya koyi tsara kiɗa wurin Rubin Goldmark, malamin da Aaron Copland da George Gershwin suka taɓa zama a gabansa.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da irin wannan horo yake ɗora wa mutum. Fiyano yana da maɓalli 88, farare 52, baƙaƙe 36, kuma ɗalibi yakan shafe shekaru yana hawa da sauka a kansu, awa huɗu ko biyar a rana, har yatsu su san hanya ba tare da ido ya duba ba. Wannan ma somin taɓi ne. Wanda zai zama mai tsara kiɗa sai ya iya jin sauti ɗaya ya faɗi matakinsa, ya iya ɗauke waƙa daga matakin da aka rubuta ta ya mayar da ita wani nan take, ya san waɗanne sautuka ne idan aka haɗa su suke kwantar da rai, waɗanne ne suke ta da tsikar jiki, waɗanne ne suke barin kunne a rataye yana jiran abin da zai biyo baya. Wannan na ƙarshen, barin kunne a rataye, shi ne makamin da Nordoff zai fi mora daga baya.

Ya sami tallafin Guggenheim sau biyu, a 1933 da 1935. Ya shugabanci sashen tsara kiɗa a tsohuwar makarantarsa daga 1938 zuwa 1943, ya koyar a Kwalejin Jihar Michigan daga 1945, sannan ya koma Bard, inda ya yi kimanin shekara goma. Ya rubuta waƙoƙi masu yawa a kan baitocin E. E. Cummings, ya rubuta manyan kaɗe-kaɗe na taron makaɗa, ya rubuta wasan kwaikwayo na waƙa a kan wani labarin Sylvia Townsend Warner. Wani abin lura a nan: a Michigan ɗin ne aka buɗe digirin farko na jinya da kiɗa a 1944, shekara guda kafin zuwansa, bayan da asibitocin soja suka ga yadda kiɗa ke taɓa waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zauna a makaranta ɗaya da abin, amma sai bayan fiye da shekara goma, a wata nahiya, abin ya kama shi.

Cikin ayyukansa na wancan lokaci, wanda na fi ɗora wa ido shi ne kiɗan da ya rubuta wa Martha Graham, gwanar rawar zamani ta Amurka, har da na wasanta Every Soul Is a Circus na 1939. A gidan Graham a wancan zamani, sau da yawa rawa ce ke riga kiɗa zuwa. Mai tsara kiɗa zai zauna ya kalli jiki yana motsi, ya ƙirga taku, ya lura da inda aka yi tsalle da inda aka tsaya cak, sannan ya ɗinka wa motsin sauti. A ganina a nan ya koyi kallon jikin wani ya mayar da shi kiɗa, kuma babu wata makarantar likitanci da za ta koya masa wannan.

Hanyar da ta kai shi Ingila ta bi ta kan koyarwar Rudolf Steiner, ɗan Ostiriya da ya rasu a 1925, wanda mabiyansa suka kafa makarantu da gidajen kula da yara masu naƙasa a ƙasashen Turai. Nordoff da matarsa Sabina sun rungumi wannan koyarwa. Akwai abubuwa da yawa a cikinta da kimiyya ba ta yarda da su ba, ni ma ba zan kare su ba. Amma akwai wani abu guda da gidajen suka riƙe a lokacin da hukumomi ke kulle irin waɗannan yara a manyan asibitoci ana kiran su waɗanda ba sa karantuwa: sun yarda cewa a cikin kowane yaro akwai cikakken mutum, ko da jiki ko ƙwaƙwalwa sun toshe masa hanyar fitowa. A 1958 Nordoff ya ziyarci ɗaya daga cikin gidajen, Sunfield, a ƙauyen Clent da ke Worcestershire, kusa da Birmingham. Ya koma Amurka, zuciyarsa ta ƙi komawa tare da shi. Shekara na zagayowa ya dawo.

A Sunfield ya tarar da Clive Robbins, malamin aji, ɗan Birmingham da aka haifa a 1927. Robbins ya so kiɗa tun yana yaro, amma raunin da ya ji a rundunar sojan sama yana matashi ya shanye masa wani ɓangare na hannun hagu, fiyano ya fita daga hannunsa. Abin da yake da shi, wanda Nordoff ba shi da shi, shi ne sanin yaran: wanda ke cizo idan ya tsorata, wanda ke buƙatar a riƙe masa gwiwar hannu kafin ya iya ɗaga sanda, wanda idan ya juya baya ba ƙi yake nufi ba, saurare yake yi. Daraktan bincike na gidan, Dokta Herbert Geuter, ya ba su ɗaki da lokaci da shawara. Haka suka fara, ɗaya a fiyano, ɗaya a gefen yaro.

Ga yadda ɗakin yake. Fiyano a gefe guda. A tsakiya ƙaramar ganga a kan ƙafafunta, kusa da ita faifan tagulla da ake bugawa, da sanduna biyu. A wani lungu rikoda mai manyan faya-fayan tef tana juyawa. Za a shigo da yaro, a yi masa waƙar maraba da sunansa a ciki, daga nan kuma babu wani shiri sai abin da yaron ya kawo. Idan ya ɗauki sanda ya hau dukan ganga ba ƙaƙƙautawa, da sauri, ba tsari, Nordoff ba zai ce masa ya sassauta ba. Zai shiga cikin saurin nan nasa da hannu biyu, ya bi shi bugu da bugu, har yaron ya fara jin cewa ƙarar da ke fitowa daga wancan babban akwati tana tafiya tare da hannunsa. Sai Nordoff ya ɗan ja baya kaɗan, ya rage sauri da ƙyar yadda ba kowa zai lura ba. Idan sandar ta biyo shi, to an samu shiga: yaron yana ji, kuma yana amsawa. Idan ba ta biyo ba, sai ya koma inda yaron yake, ya jira. Wani lokaci zai kaɗa jimla ya kai ta gab da ƙarshe ya ɗauke hannu, ya bar gurbin bugu ɗaya a buɗe. Shirun nan yakan yi nauyi. Yaron da bai taɓa jiran kowa ba, bai taɓa karɓar zance daga bakin kowa ba, sai ka ga ya ɗaga sanda ya sauke ta a kan faifan tagulla daidai wurin da jimlar ke nema.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗan fada ya san aikin 'yan amshi: ba su ke jan waƙa ba, amma su ke kama abin da jagora ya jefo, su daidaita shi, su mayar masa, har ya sami inda zai taka ya ci gaba. Abin da Nordoff ya yi shi ne ya ba yaron jagoranci, shi da duk digirorinsa ya koma amshi. Idan yaro bai taɓa ganga ba, yana ta kai-kawo ne a ɗakin, sai takunsa ya zama jagora. Idan yana jijjiga jiki gaba da baya, jijjigar ce. Idan kuka yake yi, kukan ne.

Shahararren misalin wannan shi ne yaron da wani littafinsu ya kira Edward, ɗan shekara biyar da rabi, wanda suka yi aiki da shi daga baya a Filadelfiya. Ba ya magana, kuma idan abu ya dame shi sai ihu da birgima. Zamansa na farko da su ihu ya yi. Mutum na yau da kullum zai yi ɗaya cikin biyu, ko ya rarrashe shi ko ya fitar da shi. Nordoff ya saurari ihun da kunnen mai tsara kiɗa, ya ji cewa yana da mataki, yana da tsawo, yana hawa yana sauka, sai ya kaɗa ya kuma rera a kan wannan matakin, da ƙarfi daidai da na yaron, ba da lallashi ba. Da suka koma kan tef sai suka ji abin da ya ba su mamaki: kukan yaron yana faɗawa cikin sautukan da fiyano ke kaɗawa. Cikin fushinsa yana saurare. Zama bayan zama ihun ya riƙa rikiɗa, ya zama wani abu tsakanin kuka da waƙa, kuma a zama na tara Edward yana musayar sautuka da Nordoff cikin wasa, wannan ya jefa wancan ya cafe. Masu koyon wannan sana'a a ƙasashe da yawa har yanzu da wannan tef ake fara buɗe musu kunne.

A dubi abin da wannan ke buƙata daga makaɗi. Ihun yaro ba ya jira. Cikin daƙiƙa ɗaya sai ka gane matakinsa, ka nemo shi a cikin maɓalli 88, ka zaɓi haɗin sautukan da zai ɗauki zafinsa ba tare da ya ƙara rura shi ba, ka kuma bar ƙofar da yaron zai iya shigowa ta ciki. Nordoff bai yarda da kiɗa mai zaƙi kawai ba. Ya yi amfani da sautuka masu karo da juna idan halin yaron karo ne. Ya tara salo iri-iri a yatsunsa: na Sifaniya mai zafi, na Gabas ta Tsakiya, na tsoffin majami'un Turai mai faɗi da sanyi, da tsarin sauti biyar wanda baƙaƙen maɓallan fiyano ke bayarwa, wanda kuma ake samu a waƙoƙin gargajiya daga Sin har Afirka ta Yamma. Wani yaron ba ya motsi sai an taɓo ɗaya daga cikinsu. Babu yadda za a san wanne ne sai an gwada, kuma ba a gwada abin da ba a iya ba.

Rabin aikin ba a ɗakin ake yin sa ba. Zaman kansa gajere ne, wani lokaci 'yan mintoci kaɗan idan yaron ba zai iya jure fiye da haka ba. Bayan an fita sai su biyun su zauna gaban rikoda, su mayar da tef baya, su saurara, su tsayar, su rubuta: a nan ya buga sau uku daidai da kiɗa, a nan ya kauce, a nan ya yi sauti a kan mataki kaza. Duk jimlar da ta kama yaron sai Nordoff ya rubuta ta a takardar kiɗa don ya dawo da ita a zama na gaba, ta zama waƙar wannan yaro shi kaɗai. Daga wannan saurare suka fitar da rabe-raben amsa guda 13, inda suka bambanta bugun da ke tafiya da kiɗa a sake, da bugun dole wanda yaro ke maimaitawa kamar inji ba ya jin kowa, da bugun gudu wanda yaro ke kauce wa kiɗan da gangan, da bugun hargitsi. Bugun gudu ya fi ba ni sha'awa, domin wanda ke kauce maka daidai-daidai a kowane bugu ya san inda kake sarai. Sun kuma tsara ma'aunai na auna dangantakar yaro da mai jinya da kuma yadda yake isar da saƙo ta kiɗa. Wannan ɗabi'a ta naɗar komai da bin diddiginsa ita ta raba aikinsu da na mai zuwa asibiti ya kaɗa wa marasa lafiya don nishaɗi, wanda shi ma alheri ne amma wani abu ne daban.

Sun ba abin da suke nema a cikin kowane yaro suna, Yaron Kiɗa: wato wannan ɓangare na mutum da ke gane bugu da amo da jimla, wanda a ganinsu naƙasa ba ta kashe shi, sai dai ta rufe shi.

Ba ɗaiɗaiku kaɗai suka yi wa aiki ba. Sun rubuta waƙoƙin wasa da ƙananan wasannin kwaikwayo na aji. Wanda aka fi sani shi ne Pif-Paf-Poltrie, da suka ɗauko daga wata tatsuniyar Jamusawa ta 'yan'uwan Grimm. Ana watsa ganye a tsakar ɗaki, a ɗaure tsintsiya a gaban yara, sannan yaro guda ya share ganyen tas yayin da sauran ke rera masa waƙa. Ga wanda bai san yaran ba, shara ce kawai. Ga yaron da bai taɓa fara abu ya kai shi ƙarshe ba, tattara ganyen nan wuri ɗaya a gaban jama'a babban aiki ne, kuma kiɗan ne ke riƙe hankalinsa har ya gama.

A 1960 suka bar Sunfield suka zaga gidajen yara a ƙasashen Turai suna nuna aikin, sannan suka wuce Filadelfiya. A can, daga 1962, Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta Amurka ta ɗauki nauyin bincikensu na shekara biyar a sashen kula da ƙwaƙwalwar yara na Jami'ar Pennsylvania, inda da yawa daga cikin yaran ke da otizim, lalurar da ake kira galahanga. Sai an tuna zamanin kafin a gane nauyin abin. A 1943 ne Leo Kanner ya bayyana lalurar a rubuce, kuma har cikin shekarun 1960 akwai manyan masana, irin su Bruno Bettelheim, da ke ɗora laifinta a kan iyaye mata, wai sanyin zuciyarsu ne ya jawo. Wannan zance ƙarya ne, an kuma tabbatar da haka daga baya, amma ya ƙona zukatan mata da yawa. A irin wannan yanayi, uwa ta ji tef ɗin ɗanta yana amsa wa wani, ba tare da an tuhume ta da komai ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa abin ke aiki idan ya yi aiki? Bayanin da ya fi gamsar da ni ya zo ne daga baya, daga masu nazarin jarirai. Daniel Stern a Amurka, da Colwyn Trevarthen a Edinbara tare da Stephen Malloch, sun naɗi uwaye da jariransu suna gwalan-gwalan, suka auna sautin, suka ga cewa tun kafin kalma ta farko akwai karɓa-karɓa, akwai lokaci, akwai hawa da saukar murya da kowane ɓangare ke daidaitawa da na ɗayan. Wato hira tana farawa ne da siffar kiɗa, kalmomi daga baya suke hawa kanta. Yaron da lalura ta hana shi wannan mataki na farko, Nordoff na buɗe masa shi a karo na biyu, da kayan aiki mafi ƙarfi da faɗi fiye da muryar mutum ɗaya.

Sai dai a yi hattara, domin masu son abin sukan wuce gona da iri. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe 9 da yara 364 masu otizim, 'yan shekara 4 zuwa 7. An ba wasu jinya da kiɗan nan-take a kan kulawar da suka saba samu, wasu kuma kulawar kawai. Bayan wata biyar, da aka auna tsananin alamomin lalurar, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2022, wanda ya tattara bincike 26 da mutum 1,165, ya fi sassauci: ya ga alamar cewa jinyar na taimaka wa yanayin yaro gaba ɗaya da ingancin rayuwarsa. Abin da na ɗauka daga biyun shi ne, kiɗa ba ya cire otizim, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin iyaye da wannan alkawari ya cuce su. Amma ma'aunin da ke ƙirga alamomin lalura ba a gina shi don ya kama abin da ya faru da Edward a zama na tara ba. Yaro na iya fita daga ɗakin da lalurarsa cif yadda ya shiga da ita, ya kuma fita da sanin cewa ya yi sauti wani ya amsa masa. Ko wannan ya cancanci kuɗin da ake kashewa, tambaya ce ta gaskiya, kuma mutanen kirki sun saɓa a kanta.

Malanta ba ta taɓa barin Nordoff ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 shi da Robbins sun yi ta yawo a Denmak da Norwe da Finlan da wasu ƙasashe suna koyarwa da tef a hannu. Littafinsu Therapy in Music for Handicapped Children ya fito a 1971, Benjamin Britten, babban mai tsara kiɗa na Ingila a lokacin, ya rubuta masa gabatarwa. A 1974 wata malamar kiɗa, Sybil Beresford-Peirse, ta shirya musu kwas na farko na horar da masu jinya a Asibitin Goldie Leigh da ke kudancin Landan. An naɗi laccocin da Nordoff ya yi a wurin, aka buga su a 1998 da sunan Healing Heritage. Wanda ya buɗe littafin yana zaton zai tarar da darasin cututtuka zai sha mamaki. Darasin kiɗa ne zalla: tazarar da ke tsakanin sauti biyu da abin da kowace tazara ke yi wa mai saurare, yadda manyan masu tsara kiɗa na Turai suka gina jimlolinsu, inda suka ja rai da inda suka saki. Yana so ɗalibansa su ji kowane sauti da muhimmancin da likita ke ba ƙwayar magani. Ba Nordoff da Robbins kaɗai ne a fagen ba a Ingila. Juliette Alvin, makaɗiyar babban goge na Turawa, ta kafa ƙungiyar jinya da kiɗa tun 1958, ta kuma buɗe kwas a Makarantar Guildhall a 1968. Amma babu wanda ya matsa wa ɗalibi a kan gwanintar hannu kamar Nordoff.

Bayan kwas ɗin Landan hanyarsa da ta Robbins ta rabu. Nordoff ya rasu ranar 18 ga Janairu, 1977, a garin Herdecke na Jamus ta Yamma, yana da shekara 67. A wannan shekara babban littafinsu, Creative Music Therapy, ya fito, da kaset a haɗe, domin sun san cewa rubutu kaɗai ba zai isar da abin ba. Robbins ya ci gaba tare da matarsa Carol, suka yi aiki da yara kurame a jihar New York, suka zauna a Ostireliya, sannan suka kafa cibiya a Jami'ar New York a ƙarshen shekarun 1980. Ya rasu a 2011.

Kuɗin da ya raya aikin a Ingila ya fito ne daga inda ba a zata ba. Mutumin da ya tashi a kan Bach da Beethoven, masu kiɗan rok ne suka ɗauki nauyin gadonsa. A 1976 'yan kasuwar waƙa na Landan suka fara wata liyafar tara kuɗi mai suna Silver Clef, ƙungiyar The Who ta karɓi lambar farko. A ranar 30 ga Yuni, 1990, Paul McCartney da Pink Floyd da Elton John da Eric Clapton da wasu suka yi wasa a Knebworth gaban mutum kimanin 120,000, aka raba ribar tsakanin wannan aiki da wata makarantar koyon fasaha. Shekara guda bayan haka cibiyar wannan aiki da ke Landan ta koma sabon gininta.

Buƙatar irin wannan tara kuɗi tana nuna inda tsarin Nordoff yake da rauni. Ƙwararru biyu, da fiyano, da ɗaki, da awannin sauraron tef, duk don yaro guda: ƙasashe kaɗan ne za su iya wannan, ko a cikinsu ma yara kaɗan ne za su samu. Shi ya sa magadansa suka sassauta. Yau sau da yawa mai jinya ɗaya ne ke shiga, wani lokaci da jita ko ganga maimakon fiyano, kuma aikin ya faɗaɗa zuwa tsofaffi masu cutar mantuwa, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, da masu jinyar ƙarshen rayuwa. A Afirka ta Kudu, Mercédès Pavlicevic, wadda ta yi horo a cibiyar Landan, tana cikin waɗanda suka kafa digiri na biyu na wannan fanni a Jami'ar Pretoria a ƙarshen shekarun 1990, kuma ita da Gary Ansdell suka yi ta jan fannin daga rufaffen ɗaki zuwa unguwa da taron jama'a, inda mutum ɗaya zai iya aiki da yara ashirin a lokaci guda. A Birtaniya kuwa sana'ar ta shiga rajistar hukuma tun 1999, kuma mai son shigarta sai ya yi digiri na biyu. Kafin a ɗauke shi kwas ɗin, sai ya zauna gaban malamai ya kaɗa, sannan a ce masa ya ƙirƙiri kiɗa nan take.